Murhun da Muka Gina a Shekarar Gudu

Ɗazu kuna saukowa daga Keke Napep na ji abin da 'yar nan mai jan mayafi ta faɗa wa ƙawarta. Cewa ta yi, "Ashe ma laka ce kawai." Kada ki sunkuyar da kai, 'yata, ba ki yi ƙarya ba. Laka ce. Ku ajiye wayoyin nan a kan tabarma, ku matso inuwa. Kun ce ƙungiyarku ce ta turo ku ku koyi gina murhu mai tsimin itace cikin mako biyu, don a rage saran itatuwa, a rage hayaƙi a gidaje. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba ku lada. Amma kafin ku sa hannu, bari in gaya muku yadda na shiga wannan sana'a, da yadda murhun ya shigo gidan nan, don ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Aure ne ya kawo ni Mbamba daga Gwadabawa. A gidanmu babu wanda ya taɓa gina tukunya, babana tela ne. A nan na tarar da goggon mijina, Goggo Dudu, tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana, ita ce ke gina randa da tulu. Ranar da na ce ina son in koya, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Fartanya ta miƙo mini da daro.

Na daɗe aikina tono ne kawai. Mu fita da sanyin safiya zuwa bakin fadama, ta nuna mini wuri da ƙafa, in yi ta haƙa har in wuce baƙar ƙasar sama. Yumɓu iri biyu muke ɗebowa, baƙi mai danƙo da ja mai ɗan yashi. Baƙin shi kaɗai tsagewa yake yi, jan shi kaɗai ba ya tsayuwa. Goggo Dudu takan ɗan gutsura ta sa a harshe, ta tofar, sannan ta ce a ƙara wannan ko a rage wancan. In mun dawo a shanya, a daka, a tankaɗe, a jiƙa, sannan a tattaka da ƙafa. Tattakawar nan ita ce rabin sana'ar. Sai ƙafarki ta daina jin ko ƙwayar tsakuwa ɗaya, domin tsakuwar da kika bari a laka, a cikin wuta za ta neme ki.

Da ta yarda na fara gini, sai in wuni a kan randa guda, in gyara mata baki, in ja baya ina kallonta ina jin daɗi. Goggo ta zo ta shafa cikinta da tafin hannu, ta danne ta, ta mayar da ita cikin tulin laka. Ba faɗa, ba bayani. Wata rana na gaji na ce, "Goggo, me ya same ta?" Ta ce, "Gefe ɗaya ya ci ya ƙoshi, gefe ɗaya yana azumi." Wato kaurin bai zo daidai ba. Daga ranar na daina kallon randa da ido, na koma auna ta da yatsu, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

Ga kayan aikin nan a gabanku, babu wanda aka saya a shago. Tsohuwar tukunyar nan da ke kife, a kanta ake fara gindin randa. Wannan dutse mai faɗi na bugu ne. Sakainar nan ta kankara ce, totuwar masara ta zane, tsumman nan jiƙaƙƙe shi ke fitar da baki. Tsakuwar nan mai santsi daga kogin Binuwai aka tsinto ta, da ita ake goge jiki har ya yi ƙyalli. In an fitar da kaya daga wuta da zafinsu, sai a yayyafa musu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke ba su wannan duhun da ƙarfi.

A lokacin akwai kasuwa. Kun san zafin Yola in bazara ta kama. Babu gidan da ba randa a gindin bishiya, an binne ta rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai. Akwai wani Modibbo, babban malami, a cikin gari da kowace bazara sai ya aiko a gina masa manyan randuna na ƙofar masallaci, don masu wucewa. Shi da kansa yake zuwa zaɓa. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, in ta yi ƙara kamar ƙarfe ya ce a ɗauka. Amare kuwa ba a kai su sai da randa da tulu da kaskon turaren wuta. Matoyarmu, wato filin da muke toya kaya, tana can bayan unguwa. Ranar tuya mata ne cike, ana wasa ana zolaya da Fulatanci da Hausa, kowa da tarin kayanta.

Sai roba ta shigo. Bokitin roba, jarka, kula, ruwan leda. Ba nauyi, ba fashewa. Ban ga laifin kowa ba. Amarya ta fara jin kunyar a ga randa cikin kayanta. Matan matoya suka riƙa raguwa, wata ta koma sayar da itace, wata ta tsufa, 'ya'yansu ba su gada ba. Goggo Dudu ta rasu, bayanta mijina ya bi, yarana suka yi aure suka watse, wani Jalingo, wata Gombe. Aka wayi gari ni kaɗai ke kunna wuta a filin nan, awaki na kallona.

A haka shekarar gudu ta same ni. Ku kuna yara lokacin, wasunku watakila ma a goye aka shigo da su Jimeta. Mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo, wasu a mota, wasu da ƙafa. Kowane gida ya cika, makarantu da coci-coci da masallatai duk sun cika. Wanda ke kwana a barandar wani, ina zai kafa randa? Ciniki ya tsaya cak. Itace ya yi tsada, don bakuna sun yi yawa, masu shiga daji kuma suna tsoro. Bishiyoyin da na sani tun ina amarya a hanyar fadama, a shekarar aka gama da su.

Akwai wata rana da na ɗora randuna a amalanke zuwa kasuwar Jimeta. Lokacin an sha tashin bam a gari, mutane ba sa son ganin abu mai ciki a rufe. A bakin ƙofa 'yan banga suka tare ni da mai turin amalanken.

"Mama, mene ne a ciki?"

Na ce, "Iska ce, ɗana."

Bai yi dariya ba. Suka ce a sauke duka, a kife ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ja da baya suka bar mini fili kamar mai cuta. Ɗaya daga cikinsu ya riƙa zura sanda daga nesa yana bugawa, har ya tsaga guda biyu. Tsoro ne ya sa shi, kowa ma yana da shi. Amma daga ranar ban sake kai kaya kasuwa ba. Na koma zama bakin titi a Jambutu, kusa da wata mai ƙosai da ake ce wa Maman Tagwaye, ita ce ta ba ni gefen rumfarta.

A nan Rahila ta same ni. Doguwa ce baƙa, da zane ɗaya a jikinta da silifa wari daban-daban. Ba ta kalli lafiyayyun randuna ba, tsagaggiyar da na jingine a baya ta nufa. Ta ɗaga ta, ta juya, ta duba gindin kamar yadda mai sana'a ke dubawa. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da "ka" ko "ki".

Ta ce, "Adda, wannan ya fashe. Ka ba ni shi."

Na ce, "Ba ta riƙe ruwa."

Ta ce, "Ba ruwa zan sa ba. Wuta."

Na ba ta. Maganar ta tsaya mini a rai, bayan 'yan kwanaki na tambayi gidan da take na je. Gidan wani tsohon malamin makaranta ne ɗan cocinsu, ɗakuna da tsakar gida duk mutane. Mata na girki a kan duwatsu uku, hayaƙi ya tokare ko'ina, yara sai tari. A can lungu na ga randata. Rahila ta fasa gindin, ta yanke ƙofa a gefe, ta shafe ta da laka da toka, ta ɗora tukunya a sama. 'Yan ƙirare ne a ciki waɗanda ba su cika hannu ba, amma wake na tafasa.

Na tsuguna na leƙa. Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "A garinmu ni ma ina gini. Uwata yana gini, kakata yana gini. Wannan bai yi kyau ba, jikinsa siriri ne, zai mutu. In da akwai laka da buntun shinkafa, da na yi na gaskiya."

Na ce, "Akwai laka a Mbamba. Akwai ɗaki ma."

Washegari ta biyo ni, kayanta duka a leda guda.

Zamanin ba na yarda da baƙo ba ne. Ba a yi mako ba Jauro, mai unguwarmu, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce mutane na magana, wai na ajiye wata da ba a san asalinta ba, ba ta ma salla. Na ce, "Bappa, shigo ka ga asalinta." Ya shigo ya tarar da ita cikin laka har gwiwa tana tattakawa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta garinsu da sunan mijinta, ta faɗa. Ya ce mini, "In wani ya sake magana, ki turo shi wurina." Ran Lahadi takan tafi cocinta a Jimeta, ni kuma in ta ga na shimfiɗa dadduma sai ta daina daka har in idar.

Yanzu ku saurara, ga abin da kuka zo nema. Murhu ba randa ba ne. Randa ana so ta yi gumi don ruwa ya yi sanyi, murhu kuwa ana so ya riƙe zafi kada ya sake shi. Shi ya sa ake cuɗa lakar da buntun shinkafa, wannan ƙaiƙayin da masu injin casa ke zubarwa. A cikin wuta buntun zai ƙone ya bar ƙananan ramuka a jikin murhun, su ne ke tsare zafi. In buntu ya yi yawa, murhu zai marmashe a hannunki kamar ƙuli. In ya yi kaɗan, zai tsage ranar da ya fara ganin wuta. Ƙofar itace kada ta wuce dunƙulallen hannu. A sama akwai 'yan ƙusoshi uku na laka da tukunya ke zama a kai, tsakaninta da bakin murhu yatsa ɗaya ya shiga. In ya fi haka zafi ya gudu, in bai kai ba wuta ta shaƙe ta koma hayaƙi.

Faɗa da baki ba wuya. Tuyarmu ta farko, fiye da rabi tsingaro muka kwasa. Lakar Mbamba ba irin ta garinsu ba ce, ta fi danƙo, sai da muka yi ta gwaji. Rahila takan zauna gaban fasassun tana juya su, ta ce, "Wannan ya gaya mana buntu ya yi yawa. Wannan ya ce mun yi sauri." Ba ta zubar da ko ɗaya, sai ta daka ta mayar cikin sabuwar laka, ya ƙara mata ƙarfi. Ita ce kuma ta raba ni da itace a matoya. Muka koma tuya da buntu da kara da busasshen kashin shanu. Ana jera kaya, a lulluɓe, a kunna da la'asar in iska ta kwanta, ni a gabas ita a yamma, kowa da dogon sanda, duk inda wuta ta ɓulle a toshe. Na manta rabon da in ji muryar mutum daga wancan gefen wutar.

Maman Tagwaye muka fara kai wa. Ta harari murhun ta ce, "Wannan ɗan abin ne zai ɗauki kaskona? In ya fashe mai ya zubo mini, ku biyun za ku kai ni asibiti." Rahila ta hau kansa ta tsaya da ƙafa biyu. Aka yi dariya, aka ɗora kasko. Bayan mako guda Maman Tagwaye ta ce itacen da take ƙonawa a rana ɗaya yanzu yana kai ta har gobe, idonta kuma ya daina ruwa. Bakinta shi ya sayar mana da sauran. Masu abinci suka zo, matan ma'aikata suka zo. Matan gudun hijira waɗanda ba su da abin saye, sai su ɗebo mana buntu ko su taya mu dakon laka, su tafi da murhu a ka.

Duk wanda ya tsaya a rumfar, in Rahila ta ji harshensa na can wajen garinsu ne, sai ta tambaye shi mijinta da ɗanta Zira. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu tana kasuwar wani ƙauye da tukwane, daga can ta gudu, ba ta koma gida ba. Zira saurayi ne, ya gama sakandare. Wata rana da hantsi wani dattijo ɗan garinsu ya gane ta. Suka koma gefe suna magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba, na dai ga ta zauna a ƙasa. Da muka dawo gida ta wanke hannu ta koma kan murhun da ta bari rabi. Sai da ta gama fitar masa da baki ta ce, "Adda, maigida ya mutu. A kan dutse suka same shi. Zira kuma an ce an gan shi ya tsallaka Kamaru." Na yi mata ta'aziyya. Ta ce, "Miƙo mini tsumma."

Mun yi damina uku tare. Da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa, ta ce za ta tafi, kada Zira ya dawo ya tarar da gida babu kowa. Ban hana ta ba. Na raka ta tasha da buhun buntu da murhu biyu a naɗe cikin tsumma. Da farko muna waya. Ta ce an ƙone ɗakunan amma bango na tsaye, ta sa kwano a ɗaya. Ta ce ta fara gini, matan garin na saye. Kullum sai ta tambaye ni ko lakar bana ta yi kyau. Daga baya in na kira sai a ce layin a kashe yake. Na ɗauka rashin sabis ne. Rani ya wuce, damina ta wuce, shiru.

Bayan an kawar da amfanin gona na shiga motar Michika, yankin su Rahila. Ban taɓa wuce Song ba a rayuwata. Hanya duk shingen sojoji, wasu gadoji a karye, sai an sauka ƙasa a zagaya. Daga tasha na hau babur zuwa ƙauyen, a gindin dutse yake. Na ce gidan Rahila mai tukwane, nan da nan aka nuna mini.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta fito. Ta ce tun kafin ruwan farko wani ya zo da labarin an ga Zira a wani gari bayan iyaka. Rahila ta kulle ɗaki ta ce kwana kaɗan za ta yi. Ba ta dawo ba, ba a kuma ji daga gare ta ba. Wasu sun je nema, ba su samo komai ba.

Tsohuwar ta buɗe mini ƙyauren kara na shiga tsakar gidan. A ƙarƙashin 'yar rumfa na ga tulin laka an rufe da buhuna, an danne da duwatsu. Na ɗaga buhun. Lakar an riga an tattaka ta, an cuɗa da buntu, ta bushe ta zama kamar dutse. Maginiya ba ta kwaɓa laka haka ta tafi, sai in ta san cikin makon za ta dawo ta hau aiki.

Na roƙi tsohuwar ruwa da taɓarya. Na fasa lakar, na jiƙa, na kwana biyu a gidan tsohuwar har ta yi laushi. Na tattaka ta, na gina murhu guda, na fitar masa da baki yadda take so. Ban toya shi ba. Na ajiye shi a inuwar rumfar inda ruwa ba zai taɓa shi ba, na ce wa tsohuwar, "In ta dawo, ki ce Addarta ta Mbamba ta zo. Ginin nawa ne, tuyar tata ce."

Shekarun nan duk ban canza lambar wayata ba.

To, rana ta yi. Yau ba za ku taɓa laka ba. Gobe ku zo da sassafe, da tsofaffin kaya, ku bar takalman nan masu kyau a gida. Ke mai jan mayafi, ke za ki riƙe fartanya.